Neman Miji ga Kwaɗuwar Abijan

Kai da ka dawo daga ci-rani ba babur ba rediyo, sai farar kwaɗuwa mai jan ido a cikin kwalba, share hawayenka. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari, kafin shuka ta kai gwiwa za ka mallaki kwaɗin da babu mai irinsu daga Madawa har Keita. Ba a kaina na gwada ba, Allah ya kiyaye. Maƙwabcina Lurwanu ne ya gwada, ni kuwa ina leƙe ta saman darni, shi ya sa na zama gwani.

Mataki na 1: Ka kira ta jari

Kada ka ce mai shagon kifin ado ne ya ba ka ita ranar da ya sallame ka. Ka ce a Abijan masu hali a falo suke ajiye irinta, cikin gilashi, suna kallo suna shan shayi. Ka raɗa mata suna mai nauyi. Lurwanu Madam ya sa wa tasa. Ba ta fita daga ruwa, ba ta kuka, da hannu biyu take cusa abinci a baki kamar baƙon da ya wuni a hanya. In an yi dariya, ka ce ai ta waye ne.

Mataki na 2: Ka san masu hana ruwa gudu

Na farko ita ce mahaifiyarka. Ta Lurwanu, Gogo Zaliha, gidansu ne ke riƙe da tabkin garinmu tun kaka da kakanni. Tana salla tana azumi, amma dokar tabki tana nan yadda ta gada: duk abin da ya shiga ruwan da kansa baƙon tabki ne, ba a kama shi, ba a korar shi. Kifi kaɗai ake kamawa, shi ma sai ranar su, ranar da gari duka ke shiga kamun kifi. Kifin nan kuwa shi ke riƙe gari in rumbu ya yi ƙasa.

Na biyu shi ne ma'aikacin gandun daji. Namu, Mushe Abdallah, ya leƙa kwalbar ya ɓata fuska.

"Lurwanu, wagga dabba ba tamu ba ta. In ta shiga tabki ta hayayyahwa, ƙwan kihi da ɗiyan kihi duk cinyewa za ta yi."

Ka gyaɗa kai cikin ladabi, ka faɗi abin da Lurwanu ya faɗa: "Mushe, ita ɗai ta. Da wa za ta haihu?" Ba ƙarya ka yi ba, tukuna dai.

Mataki na 3: Balagagge kake nema, kuma ɗan dangi

Za a ba ka shawarar ka haɗa ta da na gida. Kada ka wahalar da kanka. Lurwanu ya kamo wani ƙaton burduddugi a lambun albasa ya jefa mata. Madam ko kallonsa ba ta yi ba, shi ma ya yi tsalle ɗaya ya koma lambunsa da mutuncinsa.

Ka aika saƙon murya ga 'yan garinku da ke can Abijan. Ka ja musu kunne, ba ka son mai wutsiya, wanda sai ka yi renonsa kafin ya san abin da aka kawo shi yi. Namijin ƙwarai bai kai macen girma ba, cikin hannuwansa da baƙi-baƙi, kuma yana ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin ruwa. Wanda bai yi ƙyas-ƙyas ba, ɗan rakiya ne.

Mataki na 4: Ka tarbi ango a tasha

Ka samu mai dawowa gida wanda ba ya iya cewa a'a. Lurwanu ya samu Yunusa, ɗan ƙanen babansa, ya ce masa magani ne zai riƙo a cikin bido, wato jarka. Yunusa ya sauka a tashar Madawa idonsa ja wur.

"Wane irin magani na wanga mai ƙahwahu? Tun Doso nika canza mai ruwa. Shi ya sha, ni ban sha ba!"

Ka saya masa fura mai sanyi, ka yi ta sa masa albarka. Albarka ba ta ƙarewa, kuma ba a neman canjinta.

Mataki na 5: Ka faɗaɗa gida

Nan ne alkawarina zai cika, har ya yi yawa. Za ka wayi gari ruwan ya cika da ƙwai, kafin ka gama murna sun zama 'yan mitsi-mitsi masu wutsiya. Baho zai cika. Randa za ta cika. Tukunyar biki ma za ta shiga aiki, duk a jere a tsakar gida.

Husna, matar Lurwanu, ta fito da moɗa a hannu.

"Malam, na ɗebo ruwa in dama hura, sai ga abu shina kallona!"

Ka ce mata arziki ne, kuma arziki dole ya kalli mutum.

Mataki na 6: Kada ka dubi gabas

Gidan Lurwanu a kan gangare yake. Duk ruwan da ya sauka a tsakar gidansa, kwazazzabo yake bi ya zarce tabki. Kowa ya san haka, har Lurwanu, sai dai bai tuna ba sai ranar da hadari ya haɗo da la'asar, iska ta fara kaɗa darni. Nan fa tsoro ya kama shi. Ya ɗauki baho ya ruga ɗaki, ya dawo, ya ja tukunya, ya dawo. Randa ta ƙi ɗaguwa. Yayyafi ya fara.

Sai ga Gogo Zaliha ta shigo tana kora agwaginta da bakin zane. Ba sallama. Agwagi suka ga baho, suka ga abin da ke ciki, ba su jira bismilla ba.

"Gogo! Jarina na!"

"Jarinka?" Ta tsaya a gabansa, ruwa na sauka a kanta. "Shekarad da hatsi bai yi ba, kana goye bayana, mi kaka tsammani ni ci har nono ya zo maka? Kihin tabkin ga na. In guda ɗai ya shiga ruwan ga, ba ni iya hidda shi, kuma ba ni barin kowa shi hidda shi. Gara su ƙare nan tun ba su zama baƙi ba."

Na ga kunya a fuskar Lurwanu, na ga tausayi, ban san wanne ya fi yawa ba. Sai ya durƙusa ya tallabi randar da ta ƙi ɗaguwa, ya karkata wa agwagi bakinta da hannunsa.

Mataki na 7: Ka yarda a raba auren

Cikin lumana aka yi. Madam ta koma ɗakin Gogo, kwalbarta a ƙarƙashin gado, an ɗaure bakin da tsumma. Ango yana wurin Lurwanu yana ta ƙyas-ƙyas ba mai amsawa. Mushe Abdallah ya zo ya zagaya tabki bai ga farin kwaɗo ko ɗaya ba. Agwagi kuwa sun yi ƙiba har tafiya tana ba su wuya.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, kuma kyauta. In matarka ta yi yaji, ko Yunusan gidanku ya daina gaishe ka, ko gandun daji suka zo ƙofarka, ban san ka ba, ban taɓa ganin kwaɗo ba. Wanda kuwa uwarsa ba ta da agwagi, don Allah kada ya fara.