Rasuwar Sannu-Sannu, Motar Baba Wasiƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda unguwa ta sani da Baba Wasiƙa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Sannu-Sannu. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a cikin garejin da ta shekara tara tana jinya. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, ban da waɗanda mai ita na farko ya ɓoye.

Marigayiyar koriya ce, sai ƙofar direba da ta koma shuɗiya tun wani karo da ta yi da falwaya, wanda har gobe Baba yana cewa laifin falwayar ne. Ba ta taɓa gaggawa ba a rayuwarta. Masu keke sun sha wuce ta, su gaishe ta, su tambayi lafiyar gida. Amma ita ta kai mai ɗakin Baba asibiti a haihuwa uku, ita ta yi jigilar akwatunan yara daga makarantar kwana, kuma ba ta taɓa mutuwa a hanya ba sai inda akwai inuwa da masu turi. Kullum safiya takan gaida gida da "ƙyar-ƙyar-ƙyar, gurrr", ta yi tari biyu ta salansa, sannan ta yarda a kama hanya.

Ciwon ya fara ne da zazzaɓin lagireto, ya gangara giya, har ta daina sanin baya. Baba ya shigar da ita gareji, ya ce hutun mako guda za ta yi. Tun daga nan kowace Asabar sai ya wanke ta, ya ba tayoyinta iska, ya zauna a ciki ya saurari labarai. Duk wanda ya ce a sayar, sai Baba ya ce ba a tashin mai barci don a tambaye shi farashinsa.

A bana 'yarsa ta tsakiya, ma'aikaciyar jinya, ta dawo gida da 'ya'yanta uku, saboda an tura mijinta aiki nesa. Gidan ba shi da fili. Cikin sati biyu yaran suka fasa madubi, suka karya ƙafar tebur, kakarsu ta kora su waje. Ranar Litinin ƙwallo ta gangara titi, Auta 'yar shekara huɗu ta bi ta, wata motar kaya ta taka birki saura taku ɗaya. Baba yana tsaye a bakin gareji da tsumma a hannu, komai a kan idonsa. Ko ƙwarzane yarinyar ba ta yi ba. Direban ne ma aka zaunar aka ba ruwa. Uwar ta rungume 'yarta, ta dubi garejin nan mai faɗi, ta dubi mahaifinta, ta shige ciki.

Washegari Baba ya kira bakanike, ya ce a ba marigayiyar dama ta ƙarshe. Aka sa sabon batir, Baba ya murɗa makulli, ta ce "ƙyat". Ya sake murɗawa, shiru. Bakanike ya buɗe gaba, ya tarar da ɓera da iyalinsa a kan inji. Sai ya cire hula, ya ce ai ta daɗe da cikawa, ba a dai sami mai ƙarfin halin faɗa ba. Baba ya fita ya fyace hanci, ya jima, ya dawo da tef ɗin awo yana tambaya ko lilo zai shiga tsakanin ginshiƙi da bango.

Aka turo gawar ƙofar gida aka rufe ta da tamfol. Kafinta ya huda taga, ya zare ƙusoshin da ke bango, ya sa ƙaramar ƙofa mai sakata ta ɓangaren titi. An kwashe gwangwanayen tsohon mai, an kankare tabon da ke ƙasa, an shimfiɗa katifun soso. Bango ɗaya an shafa masa baƙin fenti daidai tsayin yaro, domin masu zanen alli su bar falo ya huta.

Ta rasu ta bar taya huɗu da safaya. Safayar ce ta zama lilo, biyu kuma an yi musu fentin ja ana tsalle a ciki. Ta bar kujerar baya, wadda yanzu take ƙarƙashin sabuwar taga, da sitiyari da aka kafa a bango ana faɗa a kansa. Hon ya faɗo a rabon jikoki, ga shi da ransa da lafiyarsa yana "bap-bap" tun sassafe, kuma iyali suna ba maƙwabta haƙuri. Ɓera da iyalinsa sun tashi ba su bar adireshi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, lokacin da motar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za ta iso. Ana neman ƙarti shida su yi mata turin ƙarshe a kan taya biyun da suka rage. Masu zuwa ta'aziyya su sa tsofaffin kaya, domin akwai sauran bango biyu da buroshi huɗu. A cire takalmi a bakin ƙofa, dogaye kuma su yi hattara da lilo. Baba zai karɓi gaisuwa a cikin garejin. Wanda ya tarar da shi yana rarrafe a kan katifa da jika biyu a baya, ya yi haƙuri ya jira har ya sauke fasinja.