Rasuwar Shuɗi, Duron Takin Mai Faci

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da hanci toshe da gefen zane, iyalan dattijon nan Mai Faci suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, musamman waɗanda iska ke kaɗawa wajensu, rasuwar duronsu na roba wanda aka fi sani da Shuɗi. Ya rasu ranar Asabar da rana tsaka a bayan kicin, inda ya yi duk rayuwarsa, bayan gajeriyar jinya ta kumburin ciki. Mai Faci ba ya cikin halin magana, don haka matarsa ce ta tsaya aka rubuta wannan sanarwa. Ta ce a faɗi alherin mamaci kamar yadda aka saba, amma kada a yi ƙarya da sunanta.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da ciwon baya ya raba Mai Faci da bakin titi. Mutumin da ya saba kokawa da taya tun safe sai ga shi ya koma zaman tabarma, ya zuba wa bango ido, a kawo abinci ya ɗan taɓa ya ture. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi gaba, duk a banza. Wata rana, don kawai ta samu ta share inda yake zaune, ta ce ya je ya cire mata ciyawar ɗan filin da ke bayan gida. Ya cire ciyawa, ya tona ƙasa, ya ja kunyoyin shuka, bai sake komawa tabarma ba. Ba a daɗe ba ya shigo yana mirgino Shuɗi. Ita ta ɗauka na ajiye ruwa ne, har da sa albarka, kuma wannan albarkar take cizon yatsa a kanta har gobe.

Sana'ar marigayin jiƙa taki ce, ya kuma riƙe ta da gaskiya. Bai taɓa mayar da hannun kyauta baya ba. Kashin kaji, ɓawon ayaba, ruɓaɓɓen tumatirin da 'yan kasuwa suka zubar, kan kifi, ruwan wankin nama, duk abin da ɗan Adam ke kawar da kai in ya gani, Shuɗi zai karɓa. A cika shi da ruwa, a ɗora murfi sama-sama, a bar shi yana aikinsa. Waɗanda suka zauna da shi ba za su manta da muryarsa ba. Da safe yakan ce “ɓul… ɓul,” a hankali, in rana ta take kuma ya saki wani dogon “fsss” wanda ke sa matar gida ta ajiye cokali. Kullum Mai Faci zai buɗe shi ya juya da sanda, kumfa mai ruwan toka ta taso, tsutsotsi fari fat suna iyo a ciki, shi kuwa yana murmushi har kunne.

“Ke ba ki san daɗi ba,” in ji shi. “Wannan ai ƙamshin abinci ne.”

“Malam, in wannan ne ƙamshin abinci, wallahi na ƙoshi.”

Amma tunda an ce a faɗi alheri, za a faɗa. Shuɗi ya ciyar da gidan nan. Da damina kuɓewa da alayyafo har sai an raba wa maƙwabta. Da sanyi latas da karas da kabeji. Da bazara, lokacin da mata ke dawowa daga kasuwa da yamutsattsen tumatir suna tsaki, ita sai dai ta zagaya baya da kwano ta tsinko. Ta manta rabonta da sayen kayan miya. Sai dai duk ganyen da ya fito daga filin nan sai ta wanke shi har ya yi laushi, kuma tun ranar da ta ga abin da ake shayar da latas ba ta sake cin sa ɗanye ba. Tana cin miyar tana gode wa Allah, tana kuma roƙonsa ya hana ta tunani.

Halin marigayin ɗaya ne da ba a iya rufawa, shi ne wari. Kai, wari iri-iri ne! Nasa ba ya tsayawa a hanci, sai ya sauka maƙogwaro ya zauna. Ya kama labule, ya kama shanya, ya kama burodin da aka bari a buɗe. Baƙi sukan zo da niyyar wuni, su sha ruwa rabin kofi su tuna sun bar tukunya a wuta. Mai kitson da tagarta ke kallon filin ta rasa masu zuwa, don ba macen da za ta sunkuyar da kai awa guda a cikin wannan masifa. Ita ce ta kai ƙara wajen mai gidan haya, kuma matar Mai Faci ba ta ga laifinta ba ko kaɗan.

Mai gidan haya ya zo farkon zafi, ya tsaya daga nesa da hankici a fuska.

“Baba, ni ba na son wulaƙanta babba,” in ji shi. “Amma zan dawo ranar Asabar. In na ji ko ɓurɓushin warin nan, siminti zan zuba wa filin, kowa ya huta.”

“Ranka ya daɗe, ba za ka ji ba,” in ji Mai Faci.

Matar ta san in filin ya tafi, tabarma na nan tana jiran mijinta. Ta ce a kai duron bayan gari a zubar kafin ranar. Ya yi mata kallon wadda ta ce a jefar da ɗan fari.

“Wari ai iska ne,” in ji shi. “Ni kuwa tun gashina na baƙi aikina ke nan, hana iska fita.”

Nan ciwon ajali ya samo asali. Mai Faci ya jawo tsohon akwatinsa na aiki daga ƙarƙashin gado. Ya kankare bakin murfi, ya shafa gam, ya hura ya ɗan sha iska, ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe, ya ɗaure tamau. Da ya gama ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a kewayen murfin, ya durƙusa yana jiran ya ga kumfa, kamar yadda ya saba yi wa tayar manyan motoci. Ko ɗigo bai taso ba. A duk faɗin garin nan babu wanda zai iya rufe duro haka, kuma babu wanda zai yi tunanin yi sai shi.

Matar ta ce a rubuta cewa kwanakin nan su ne mafi daɗi da ta gani a gidan. Ta yi shanya a waje. Ta ci abinci a tsakar gida, baki buɗe, hanci buɗe. Mai kitso har ta leƙo ta gaishe ta. Amma taki bai san da zuwan mai gidan haya ba, ya ci gaba da dahuwa a ciki, rana kuma tana ta dukan roba. Shuɗi ya daina “ɓul,” ya koma wani siririn “ƙiii” kamar ƙofar da ta rasa mai. Cikinsa ya fito, gindinsa ya tulluƙo har ya daina zama daidai a ƙasa. Matar ta ce, “Malam, abin nan fa kumbura yake.” Ya zo ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, duro ya ce “ɗam.” Ya gyaɗa kai cike da alfahari, ya ce ya ɗauki iska daidai.

Ranar Asabar mai gidan haya ya iso cikin fararen kaya. Ya shaƙa gabas, ya shaƙa yamma, bai ji komai ba. Ya yaba, aka cika masa leda da tumatir, har ya juya zai tafi. Da an bar shi ya tafi, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma gwani ba ya iya ɓoye aikinsa. Mai Faci ya ce, “Ranka ya daɗe, zo ka ga ɗaurin.” Mutumin ya matso, ya sunkuya, ya ɗan bubbuga cikin marigayin da tafin hannu.

Kalmar Shuɗi ta ƙarshe ita ce “bam!”

Matar tana bakin kicin da tiren ruwa a hannu, don haka ta ga komai, kuma ta sha rabonta. Abin da aka tara tun sanyi ya tashi sama ya dawo. Ya wanke bango, ya wanke shanya, ya shiga tagar mai kitso. Murfi ya haye rufin ɗaki. Fararen kayan nan suka koma launin da ba shi da suna, ga kan kifi a aljihun gaba, ga tsutsa tana tafiya a kan hula ba ta ko sauri. Matar ta saki tire ta yi amai har sai da ta ga duhu. Mai gidan haya ya tofar da abin da ke bakinsa, ya ce, “Siminti.” Ya fice, kuma an ce masu motar haya uku suka ƙi ɗaukarsa.

Marigayin ya rasu ya bar tumatir da barkono da kuɓewa, waɗanda don rashin kunya tun ranar suka ƙara yin kore shar. Ya bar ƙudaje masu yawa, har yanzu suna zaman makoki a jikin bango. Ya bar sandar juyi, da murfi a saman rufi wanda ba a samu mai zuciyar hawa ya sauko da shi ba. Ya kuma bar Mai Faci, wanda ya yi wanka, ya shimfiɗa tabarma a inda take a da, ya zuba wa bango ido. An kai masa abinci ya taɓa ya ture. Matarsa ta ce ta jure warin shekaru, amma wannan zaman ne ba za ta iya sake gani ba.

Ta je ta ba mai gidan haya haƙuri. Ta taga ya yi mata magana, ya ce magina na zuwa ranar Laraba, ba fashi. Ta tambaye shi ko in siminti ya bushe za ta iya ajiye kaya a kai. Ya ce ta ajiye duk abin da ta ga dama, muddin ba shi da murfi. Ta dawo ta ɗaure hanci ta tsaya a kan gawar. Shuɗi ya tsage ne daga baki har kusan gindi, saura kaɗan ya rabu biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta je ta tsaya a kan mijinta ta faɗa masa abin da ta yanke: a ƙarasa raba shi, a cika kowane ɓari da ƙasar filin, a dasa shukar a ciki.

“Sai an huda ƙasansa,” in ji shi, idonsa na kan bango. “Ruwa ya riƙa fita.”

“Malam, yau kuma kai ne mai cewa a huda?”

Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tafi neman ƙusa.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayi Shuɗi ranar Talata da safe a bayan kicin, kafin magina su iso. Ba za a sake yi masa wanka ba, an gwada da duk sabulun gidan bai yi ba. Za a sa zarto a raba shi, a binne ƙasa a cikinsa maimakon a binne shi a ƙasa, kuma matar gida ta san cewa daga cikin wannan ƙazamin za ta ci miya bana, ta ce Allah ya ba ta ikon haɗiyewa. Masu zuwa ta'aziyya su zo da bokiti da shebur da tsofaffin kaya, duk wanda ke da fasasshen baho ko buhu ya taho da shi, don ƙasar ta fi ƙarfin mamacin shi kaɗai. Ba za a raba abinci ba, kuma ba wanda zai nema. Wanda duk ya kuskura ya kawo sabon duro da sunan jaje, shi da matar gida ne. Hujin kuwa, Mai Faci ya ce kada kowa ya taɓa masa, da hannunsa zai yi.