Ankon Hajiya na Indonisiya

Wata Hajiya ce a layinmu, sunanta dai ku bar shi, don in ta ji daga bakina maganar ta fita na kaɗe. Za ta aurar da 'yarta ta fari, sai ta rantse a gaban ƙawayenta cewa ankon bikin nan Kano ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ba mai iya kwaikwayonsa. Dalili kuwa, a bikin 'yar ƙawarta an fitar da wani leshi ana ta hura hanci, kafin ranar kamu 'yan kasuwar Kwari suka kawo jabunsa, har mai wanke-wanken gidan ta ɗinka ta fito da shi. Ranar Hajiya ta fi kowa dariya, ta kuma san ana nan ana jiran nata.

Sai wani ya tsegunta mata wai asalin atamfa daga Indonisiya yake. Ba ta yi wata-wata ba ta ja ƙanwarta Anti Lantana suka hau jirgi. Can suka sami Malam Tanimu, wani Bazazzagi mai yi wa 'yan kasuwa tafinta, ya kai su garin Solo, cikin wata tsohuwar unguwa mai lunguna kamar cikin birni, ko'ina zannuwa a shanye, ga ƙamshin kakin zuma. Suka shiga wani gida, suka tarar da tsofaffi zaune a 'yan kujeru, kowace da ɗan abu kamar lofe a hannu. Ta ɗebo narkakken kaki, ta hura, ta zana a jikin farin yadi, ɗigo bayan ɗigo.

Hajiya ta ɗauki wani zani da aka gama rinawa, ruwan ƙasa da shuɗi, ta murza, ta sunsuna, ta duba bakin zanin ba ta ga tambari ba. Malam Tanimu ya ce ai aikin hannu ne, ba ya shiga inji. Nan take daɗi ya kashe ta. Tun kafin ta tambayi komai ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayen a waya, ta rubuta musu cewa ga anko nan, duk mai ji da kanta ta nemo irinsa. Kafin ta mai da wayar jaka har guɗa ta fara shigowa.

Sannan ta juyo ta ce a gaya wa tsohuwar da ta zana shi tana son na mata ɗari biyu, iri ɗaya sak, bikin bayan babbar salla ne.

Malam Tanimu ya faɗa. Tsohuwar ta ajiye abin zanen, ta daɗe tana kallon Hajiya, ta yi magana a hankali, sauran suka sunkuyar da kai suna murmushi. Ya sosa ƙeya ya ce wai guda ɗaya watanni yake ɗauka, kuma ko ita da ta zana ba ta iya yin biyu iri ɗaya sak.

"Ka ce su haɗu dukkansu su yi," in ji Hajiya.

"Hajiya, ta ce ko unguwar nan kaf ta taru a kansa, sai an yi shekara biyu zuwa uku."

Hajiya ta ajiye zanin. Wayar kuwa sai ƙara take a jaka, ana tambayar yaushe za a fara rabo. Ta dubi ƙanwarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Lantana, na riga na tura hoton. Shekara uku fa. Ko dai a ɗaga bikin?"

Anti Lantana ta gyara mayafi ta ce, "Kar ki ɗaga komai, Yaya, ki ba da aikin kawai. Yadda auren 'yan yanzu yake, zai iso daidai bikinta na biyu."