Ruwan da Baba Bitrus Ya Ce Na Duba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so mantawar, da rana ta uku da fara aikina a garejin wani kamfanin robobi a Sharada. Gwajin sati guda suka ba ni, in na yi kyau su riƙe ni. Shekara goma sha biyu na yi a garejin bakin titi a Ɗorayi, daga jak sai bulo, kuma tuni na faɗa wa maiɗakina cewa mun yi sallama da wahala.

Shugaban kanikawa, Baba Bitrus, wani dattijo mutumin Filato, ya tambaye ni ko na taɓa aiki da lif, injin nan mai ginshiƙi biyu da ke ɗaga mota sama da ƙarfin mai. Na ce ai kamar cin tuwo ne. (A waya kaɗai na taɓa ganinsa.)

A rana ta ukun aka kawo motar manaja. Baba ya saita hannuwan lif a ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka duba ruwa tukuna, sannan ka kai ta sama." Ya wuce sito.

To, bakanike in aka ce masa ruwa, ina hankalinsa zai je in ba lagireto ba? Na buɗe bonet, na duba, har na ɗan ƙara don a san ƙwararre ya zo. Na danne maɓalli ina fito.

Motar ta kai tsayin kaina, sai na ga ginshiƙin hagu ya yi nawa, ta karkace tana ƙara. Ban tsaya tunani ba, na zubar da takalmi na zura da gudu ina salati, sai da maigadi ya tare ni a bakin get. Da na dawo, kowa ya bar aikinsa ya zo kallo, har manajan. Makullin lif ne ya riƙe motar, Baba kuma yana sauke ta a hankali.

"Ka duba ruwan?" ya tambaye ni.

"Na duba, Baba. Har na ƙara muku."

Ya zaro wani ɗan katako mai kwalbar ruwa a tsakiya, irin na magina. Ashe shi ake ɗorawa a ga ko ɓangarorin biyu sun tashi daidai. Dariya ta ɓarke. Ni dai na so ƙasa ta tsage na shige.

Manaja ya ce a sallame ni. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi. Wanda ya ji irin wannan kunyar ba zai sake cewa ya iya ba."

Bai yi ƙarya ba. Yau ko shayi aka aike ni sayowa, sai na tambaya wane iri.