Kujerar Da Ta Gasa Ni Da Surukina

Abu ɗaya ne ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na tsufa na fara rikita sunayen 'ya'yana. Ƙanina Isiyaku, uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye yana kallo na kunna wa kaina da surukina wuta a ƙarƙashin mazaunanmu, ya san abin da na kunna sarai, ya ja bakinsa ya yi shiru. Laifinsa ke nan, na faɗe shi tun farko don kada a ce ina kwana-kwana. Nawa laifin kuwa zai fito da kansa, ba sai na taya shi ba.

Ni dai na fi shekara ashirin a kan mashin a garin Gombe. Daga aji biyu na sakandare na ajiye biro na kama acaɓa. Isiyaku ya zarce har ya zama abin da ake kira injiniya (har yau ban ga abin da ya taɓa gyarawa ba, ko tocila). Yana zaune a GRA. Bara ya sayo wani mashin tokumbo daga ƙasar Turawa, irin na masu doguwar tafiya. In ka gan shi ka ce falo ne aka sa wa taya biyu. Gilashin gaba yana hawa yana sauka da kansa in ka danna, kujerar baya da majingini da wurin ɗora hannu, akwati hagu akwati dama, har da rediyo. Mai shi kuwa tsoronsa yake ji. Ya turo shi bakin get, a wanke, ya ɗauki hoto, ya mayar.

Sai surukina, mahaifin matata Hajara. Kowa Bappa yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa. Bafulatani ne dogo siriri, ba ya magana sai ta zama dole. Shekara goma sha tara ina tare da 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba. In zai ambace ni sai ya ce "mai mashin ɗin nan". Ba zagi ba ne, amma ku ma kun san ba yabo ba ne. Isiyaku kuwa da bai haɗa komai da shi ba, "Injiniya" yake ce masa, har da murmushi. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hajara.

Aka sa ɗaurin auren Buba, ɗan marigayi ƙanin Bappa, wata Asabar a unguwar Barunde, kuma Bappa ne zai karɓi auren. Matsalar ita ce Bappa ba ya shiga mota, yana shiga sai jiri da amai. Ƙaramin mashin kuma bayansa ya daina ɗauka, ciwon baya ya kai shi ko ruku'u da dabara yake yi. Hajara tana ta juya maganar yadda za a kai shi, ni kuwa na ce a raina ga ranata ta zo. In na ɗauko tsohon nan a wannan falo mai taya biyu, na sauke shi a gaban jama'a ba ko gargada, ai dole a canza mini suna.

Na je na aro mashin ɗin. Don Allah kada a ce ban faɗi gaskiya ba: Isiyaku ya buɗe akwati ya ciro littafin mashin, ya ce bari ya nuna mini 'yan abubuwa. Na ce masa ya mayar, lokacin da na fara tuƙi shi yana fitsarin kwance. Ya dube ni, ya mayar da littafin, ya rufe akwatin.

(Ku riƙe wannan magana ta fitsarin kwance. Allah ba ya barci.)

Ranar Asabar, tsakiyar bazara, rana ta take sosai. Ƙofar gidan Bappa a Manawashi cike da 'yan rakiya, Isiyaku ma ya zo da motarsa zai kwashi wasu. Na sa farar shaddata ta Sallah, Bappa ya fito da tasa mai ruwan sararin samaniya. Mutane suka kewaye mashin, ni kuma na shiga nuna gwaninta. Na danna gilashi ya hau, aka ce ikon Allah. Na gyara majinginin baya, na sassauta shoka don kada rami ya taɓa bayan tsoho. Duk wannan na gane shi da kaina, kuma daidai na yi.

Sai idona ya kai kan wani botin mai zanen kujera, da wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga kanta. Akwai ɗaya a gabana, akwai ɗaya a gefen kujerar baya, akwai wani mai irin layukan a jikin zanen hannu. To ku gaya mini, mutumin da aka haifa a Gombe, ya ga mashin ɗin masu kuɗi, me zai zata an sa wa kujera in ba sanyi ba? Wane mai hankali ne zai biya kuɗi a ƙara masa zafi? Na juya na sanar da jama'a cewa wannan shi ne esin kujera, iska ce take fitowa ta ƙasa. Na danna nawa har ƙananan fitilu uku suka kama. Na danna na Bappa, uku. Na hannu ma na ce ba za a bar shi a baya ba.

Wani ya juya ya tambayi Isiyaku ko da gaske ne. Yana jingine da motarsa, ya ce, "Ai Yaya ya fi ni sanin mashin."

Ni kuma wawa har daɗi na ji.

Aka tallafi Bappa ya hau, ya tattare babbar rigarsa a cinya, ya jingina. Muka tashi. Wallahi farkon tafiyar nan ban taɓa jin irinta ba. Mashin yana haɗiye rami kamar tuwon da ya sha miya, gilashi ya kare mu daga iska, injin ko tari ba ya yi. Na ji Bappa a bayana ya ce, "To." Wanda ya san Bappa ya san wannan "to" ta fi kirarin maroƙi.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ɗumi. Na ce rana ce ta bugi kujera, yanzu esi zai kore shi. Ɗumi ya zama zafi. Na duba fitilu, duk ukun suna nan, na ce bari dai, injin Bature ne yake kokawa da ranar Gombe. Sai ga wata tifa ta lalace ta gitta hanya, 'yan keke sun cushe ko'ina, muka tsaya cak. Nan ne abin ya nuna mana ko shi wane ne. Kamar an zaunar da ni a kan tandar masa. Hannuwan mashin ma suka ɗau zafi, na riƙa ɗaga dama in ɗaga hagu, mutanen gefen hanya suna ta amsa mini gaisuwa.

Da ni kaɗai ne, da miƙewa zan yi a kan matakai in sha iska. Amma in na miƙe, me zan sa wa surukina a fuska? In sauka kuma, mashin ɗin ya yi nauyin bijimin sa, in na saki tsoho zai tafi ƙasa da shi. Tambaya kuwa ba ta tambayuwa. Da wane baki zan tambayi mahaifin Hajara halin da wannan sashe na jikinsa yake ciki? Shekara goma sha tara ko sunan ciwon ciki ban taɓa ambata a gabansa ba.

Ina jin sa yana motsi. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Can sai na ji ya fara istigfari a hankali, yana yi yana ƙara ɗaga murya. Na yi ta maza na ce, "Bappa, lafiya dai ko?"

"Jam," in ji shi. Wato lafiya lau.

Shi ke nan. Shi yana ƙonewa ba zai faɗa ba don kunya, ni ina ƙonewa ba zan faɗa ba don kunya da kuma girman kan da na yi a ƙofar gida. Ko a raina ban kawo botin nan ba, na riga na yanke hukunci injin ne yake shirin kamawa da wuta, ina ta lissafin yadda zan gaya wa Hajara na ƙona mata uba.

Da muka isa Barunde an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, mutane maƙil. Ban gama kafe mashin ba, Bappa, mutumin da sai an tallafe shi yake hawa dakali, ya diro kamar ɗan shekara ashirin. Ni ma na sauka ƙafafu a wawware. Sai na ga idon kowa a bayanmu. Na duba bayan Bappa. Shadda mai ruwan sararin samaniya ba ta iya rufa asiri ba: daga ƙugu har bayan gwiwa ta jiƙe sharkaf da gumi, ta yi duhu. Na shafa nawa. Farar shadda ta manne mini kamar fata.

Tsautsayi bai ƙare ba, dangin amarya Barebari ne. Wanda zai ba da auren wani tsoho ne, Malam Modu, kuma kun san Babarbare ba ya ganin Bafulatani ya ƙyale. Ya taso da sandarsa, ya zagaya bayan Bappa, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa zai ji.

"Jama'a ku zo ku ga Fulani. An ɗora shi a kan abin da ba saniya ba, tsoro ya sa ya saki. Har da direban nasa."

Rumfa ta ɗauka. Na so ƙasa ta tsage. Bappa ya saki babbar rigarsa ta rufe, ya gyara hula, ko murmushi babu.

"Modu, an gaya mana Barebari ba sa yanka wa baƙi," ya ce. "Shi ya sa yaron nan ya gaso ni tun daga hanya, don a samu na ci."

Ana cikin wannan dariya Isiyaku ya iso. Ya taka a hankali ya zo ya danna botin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, fitilu suka mutu. Sannan ya yi wa jama'a bayani da muryar malamin makaranta cewa a ƙasar da aka ƙera mashin ƙanƙara ke zuba, shi ya sa suke ɗumama kujera da hannu. Wani daga 'yan rakiyar Manawashi ya ce a'a, ai an ce mana esi ne. Aka sake sabuwa. An ɗaura aure lafiya, Bappa ya karɓa a zaune a gefen cinya ɗaya, ni kuwa daga bayan wata mota na shafa fatiha, a tsaye.

Kwana uku ban fita aiki ba, kwanciya ma sai rub da ciki. Hajara in ta shigo da abinci sai ta tambaye ni ko in kunna fanka ko na fi son esi. A rana ta huɗu ta dawo daga Manawashi da saƙo. Na ɗauka cewa zai yi kada in ƙara taka masa gida. Ashe cewa ya yi tun ranar nan bayansa ya saki, ya yi ruku'u cikakke, rabonsa da haka ya manta. Wai a tambayi Baban Ummi ko mashin ɗin nan mai gashi yana nan, amma a rage masa wuta.

Na sa ta maimaita. Baban Ummi. Ummi ita ce 'yata ta fari.

Tun daga nan, duk Asabar da sanyin safiya nake ɗaukarsa mu zaga bayan gari, nasa botin a fitila ɗaya, nawa a kashe. Ba ma hira, har yanzu ba na cin abinci a gabansa. Amma in mun wuce wani rami mashin ya haɗiye, yakan ce "To", ni kuma hakan ya ishe ni. Abin da na koya ba shi da yawa: abin da ban san shi ba, ko da taya biyu gare shi, ban san shi ba. Kuma in zan yi wa mutum gorin fitsarin kwance, in tabbatar ba farar shadda zan sa ba a makon.

Isiyaku dai ban ƙyale shi ba. Asabar ta farko da na je karɓar makulli, na same shi a bakin get yana murmushin nan nasa, wai Yaya har yanzu fushi ake. Na tsaya a gabansa na dube shi ido da ido.

"Isiyaku, ni jahili ne, na yarda, na ga zanen zafi na ce sanyi ne. Amma kai da ka karanta littafin, ka bar tsoho mai shekara saba'in ya gasu don ka rama magana ɗaya, gaya mini me karatunka ya tsinana. Ba ni makullin. Ciro littafin nan kuma ka zauna ka karanta mini shi tun daga bango, akwai botin biyu da ban taɓa ba tukuna, kuma Bappa yana jira."