Motar Alhaji Ilu Mai Azumi

Wani mutum ne a Gaya ana ce masa Alhaji Ilu Mai Tayil. Cika baki kam, Allah ya hore masa. In ya sayi hula, ita ce ɗaya tilo da aka shigo da ita ƙasar nan. In ya yi mura, irin ta manyan mutane ce.

To, sai ya sayo wata jif tokumbo, irin wadda ake kira haibirid, mai aiki da batir da inji. Ta shekara goma sha biyar a duniya, amma kujerun fata ne, rufinta kuma yana buɗewa. In an tayar da ita, tsit kake ji. Sai ta sulale shuuu, kamar mage ta hango kifi.

Ran da ya fara kawo ta majalisa, Mati mai a-kori-kura ya zagaya ta ya ce, "Alhaji, wannan ai kafin ta je Kano ta shanye rijiyar mai."

Alhaji Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mai? Mati, kana nan a zamanin da. Motata azumi take yi. Ko ɗigo ba ta sha. Da batir take tafiya, tana tafe tana caza kanta."

"To wannan 'yar ƙofar zuba mai ta gefe fa?"

"Ta ado ce."

Kafin la'asar magana ta game gari. Alhaji ya ji daɗi, amma ya ɗaura wa kansa aiki, don motar tana shan mai sarai. Sai ya tsiri tafiya Wudil a ɓoye, wani gidan mai da ke bakin hanya, wurin wani mai zuba mai da ake kira Ɗanjuma. Ita kuma allurar da ke nuna yawan mai, don kada masu shiga motar su gani, ya samo sitika mai ɗauke da Masha Allah ya manne ta ɗam.

Mutum ɗaya ne a Gaya ya san gaskiya, Habu bakanike. Ranar da ya duba ta ya goge hannu ya ce, "Alhaji, batirin nan ya tsufa. Yanzu inji ne ke yin yawancin aikin, shan mai ya ƙaru. A canza shi. Kuma don Allah ɓare wannan sitikar, kai ma fa ba ka ganin allurar."

"Ni nake ganin allura? Da kunne nake sanin cikin motata. Kai dai riƙe bakinka."

Ana haka aka ce Liman Zakariyya na unguwarsu zai sauka daga aikin Hajji ran Asabar. Shekara da shekaru, duk alhajin unguwa Mati ke ɗauko shi daga filin jirgin Kano, ya shigo da shi gari jama'a na ɗaga hannu. Wannan girma ya daɗe yana ci wa Alhaji Ilu tuwo a ƙwarya. Ya miƙe a majalisa ya ce, "Malami guda a motar ɗaukar buhu? Ba da ni ba! Bana ni zan shigo da Liman, in buɗe rufi, gari ya gani."

Aka yarda. Mati ya ce shi zai biyo baya ya kwaso kaya.

Ran Juma'a Alhaji ya so ya saci jiki zuwa Wudil, amma ina! Wannan ya zo ganin mota, wancan ya zo neman kujera. Ya ce a ransa, ai ran Laraba na sha rabin tanki, ya isa ya yi yawa.

Asabar da hantsi dattawa uku suka cika motar. Da suka zo wucewa ta gidan man nan, Ɗanjuma ya hango ta ya ɗaga hannu biyu. Alhaji ya kau da kai kamar an kira shi daga ɗaya gefen.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, kai ake gaisarwa."

"Mabarata ne. Duk inda suka ga babbar mota haka suke."

Aka ɗauko Liman lafiya. Ya zauna gaba, Alhaji ya ƙure na'urar sanyi, ya ɗora wa'azin mota tun daga Kano. Liman yana jan carbi yana cewa, "Ikon Allah. Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo, Allah gafarta Malam. Azumi take yi, ba sahur."

Suna hawa gadar Wudil inji ya yi tari. Ƙuh. Ƙuh-ƙuh. Fitilu suka kunnu a gaban sitiyari, ja da rawaya, kamar shagon mai kayan lantarki. Wani abu ya fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit.

Alhaji ya sunkuya. Ya sa farce ya ɗaga gefen sitikar a sace. Allura ta kwanta lakadan.

Liman ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Gaisuwa take yi, ta san ta ɗauko babban mutum."

Tsohon batir ya karɓi aiki, ya ja su a hankali, mai keke na wuce su yana leƙe. Alhaji yana gumi cikin sanyi, yana roƙon Allah a ransa ya sa ta mutu ko'ina ban da wuri ɗaya. Ta lallaɓa, ta lallaɓa, ta zo daidai wurin nan ɗaya, ta tsaya cak.

Ɗanjuma ya taho da gudu, baki har kunne. "Alhajina! Na Gaya! Ɗazu na gaishe ka ba ka gani ba. Ai na faɗa maka ran Laraba, rabi ba ya riƙe wannan. A turo ta a cika kamar kullum?"

Alhaji ya ce, "Bawan Allah, ban san ka ba."

"Haba Alhaji! Ni da nake zuba mata sau biyu a mako? Ga tabarmar da kake ɓuya a bayanta can, in ka hango motar Gaya."

Motar ta yi tsit, irin tsit ɗin da ba na batir ba.

Sai ga a-kori-kura, gwaram-gwaram, hayaƙi na bin ta. Mati ya leƙo ya ce, "A'a, Alhaji, ƙofar ado za a buɗe?" Ya fito ya kakkaɓe kujerar gaban motarsa da hularsa.

Liman ya tattara babbar riga ya sauko. Dattawan ma suka bi shi, suka haye kan kaya a baya. Ta taga Alhaji Ilu ya miƙo hannu kamar zai yi kuka. "Allah gafarta Malam, minti biyar kawai..."

Liman ya gyara zama kusa da Mati, ya dubi Alhaji Ilu da tausayi ya ce, "A'a, Alhaji, kada ka gaggauta mata. Baiwar Allah tana azumi a Gaya, a Wudil take shan ruwa. Ka bari ta ƙoshi."