Gilashin da Ba Ya Tara Rana

"...da gajiyar tsufa, amarya? Na ga yau ma an wayi gari da rai."

"Lafiya lau, ba don ka so ba," in ji Hajja. "Mai jiran gumbata zai yi furfura bai ɗanɗana ba. A waali jam, mijin banza?"

"Jam, sai yunwa. Da matar kirki ce da ta ajiye wa miji kunu."

"Da mijin kirki ne da ya yi cefane."

Haka suke gaisawa kullum, Hausa da Fulatanci a haɗe, a wannan gida na Nassarawo, har maƙwabta sun daina leƙowa su ga ko faɗa ake. Suhaib jikanta ne, ɗan shekara sha shida, saura kwana tara ya zauna jarrabawar Fiziks ta fita sakandare. Ranar Asabar ce da hantsi, ya dawo daga lesin wurin Mista Callistus da tarin tsofaffin tambayoyi a hammata. Ita kuwa tana ƙarƙashin dogon-yaro da faifan shinkafa, wai tsinta take yi. Tsintar dai a baki ce, don yatsunta ne ke gani. A kan hancinta akwai wani tabarau mai kauri, baƙin firem, an ɗaure hannunsa ɗaya da zaren lilo.

Yanar ido ta riga ta rufe mata na dama, tana lallaɓawa zuwa na hagu. Likitocin ido sun zo Jimeta aikin kyauta, jibi Litinin ce ranar ƙarshe da za su yi wa mutane aiki. Hajja ta je ranar farko, har an ba ta kati. Sai wata nas, yarinya mai saurin baki, ta ce ta cire wannan gilashin ta jefar, ai ba nata ba ne. Hajja ta ja mayafinta ta fito ta tari Keke mai ƙafa uku ta dawo gida. Ɗanta mai gidan ya yi lallami har ya gaji, surukarta ta yi kuka, limamin unguwa ma ya aiko. Tsohuwar nan in ta kafe, gara ka je ka roƙi turmi. Da ta ji yadda yaron ya baje takardunsa dab da tabarmarta, ta san yau shi aka turo, ko shi ya turo kansa.

Ya fara karatu da ƙarfi, hancinsa kamar zai taɓa takardar. Wai in aka naɗe waya aka riƙa wucewa da maganaɗisu ta tsakiyarta, sai wutar lantarki ta samu. Hajja ta ce to me yake jira, ya tashi ya naɗa musu mana, ga shi kwana uku ba wuta, ana shan ruwan randa kamar shayi.

"Ai sai da maganaɗisu mai ƙarfi," ya ce.

"Ga ni nan zaune. A zamanina har daga garin Garwa maza ke zuwa, ba wanda ya kira su."

"Wannan ya yi tsatsa, Hajja. Yanzu ko allura ba kya kamawa."

Maganar ta shige ta, don jiya ta fi rabin awa tana neman kafar allura, ƙarshe ta ce zaren ne ba shi da kyau. Ta ce masa ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ya ce ai ita karin maganar nan ba ta hau kanta ba, sai dai ta ce wanda nake lalube kullum. Ta ɗauki tsakuwa daga faifai ta jefe shi, ta sami tulu.

Ya juya shafi. Wannan karon tambayar a kan wasu ma'adinai ce masu fitar da tururin da ido ba ya gani. Ya ce ƙarfinsu raguwa yake yi rabi-rabi, bayan shekara kaza saura rabi, bayan wasu shekarun saura rabin rabin, amma har abada ba ya ƙarewa ƙarƙaf.

"Kamar ke dai. Tun ina firamare ake cewa kin kusa."

"Zan ga aurenka, in kori amaryar, in dawo ɗakina."

Ta faɗa da dariya, amma hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ita ma ta san wani abu mai irin wannan hali, ba kuma a littafi ta karanta ba. Shekara goma ke nan tun ranar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi. Ɗanta na fari, mahaifin yaron nan, malamin Fiziks ne a wata sakandare a can. Shi ya kawo su bakin hanya a guje, ya ɗora ta a bayan wata babbar mota, ya miƙo mata Suhaib, ya ce zai koma ya ɗauko matarsa da jaririya. Har yau ba shi, ba su, ba kabarin da za a nuna. Kuma ɗan fari ne. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta kukansa a gaban mutane. Da aka zo mata jaje cewa ta yi Allah ya bayyana malamin nan, kamar wani baƙo ake magana. Abin da ya rage mata shi ne tabarau ɗinsa, ta kuwa ɗora shi a fuska ta ce na ciwon idonta ne.

"Amarya, ara mini gilashinki minti biyu."

"Ka ara wa kanka kunya."

"Firatikal zan gwada. In na faɗi jarrabawa ke za ki ci gaba da ciyar da ni."

"In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Me ka taka?"

Ya zaro wani ɗan gilashi mai mariƙi daga aljihu, na Mista Callistus, ya sa mata a hannu ta shafa. Tsakiyarsa tudu ne. Ya ce irin wannan tara haske yake yi, shi ake ba tsofaffi. Ya ja ta zuwa bakin inuwa, ya riƙe shi a kan wata takarda, kafin ka ce kwabo ta ji ƙaurin hayaƙi. Ta ce wannan ai maita ce, dama ta daɗe tana zarginsa. Ya ce to a kawo nata a gani, in na tsofaffi ne shi ma zai ƙona takarda, shi kuma ya yi alkawari ba zai ƙara yi mata maganar asibiti ba har abada.

Da ta ƙi, da ta nuna tsoro, Hajja kuwa ba ta taɓa bari jika ya ga bayanta ba. Ta cire ta miƙa masa, amma ba ta saki zaren ba. Ya riƙe a rana. Ya ɗaga, ya sauke, ya karkata. Ta jira ƙauri, shiru. Ya kama yatsanta ya ɗora a tsakiyar gilashin, ta ji ɗan kwari.

"Wannan watsa haske yake yi, ba ya tarawa," ya ce, muryarsa ta sauka. "Na mai ganin kusa ne, wanda nesa ke yi wa duhu. Ke da shi komai ƙanƙancewa yake yi. Shekara goma kina kallon duniya ta ƙofar da ba taki ba, Hajja. Ciwon kan nan naki, da faɗuwar da kika yi a bakin rijiya..."

"Santsi ne."

"A watan bazara?"

"Kai dai ka cika surutu. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ke ko faifan da ke gabanki ba kya hangowa."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta ji bai saki gilashin ba, ya ma ƙanƙame shi. Sannan ya yi magana, ba da muryar wasa ba.

"Na san na waye. Na kuma san yadda ya zo hannunmu. Ni na fizge shi daga fuskarsa da ya ɗaga ni, motar ta tashi yana hannuna. Jiya na lissafa ƙarfin gilashin nan. Mutumin da ke sa irinsa, in ba shi, ko taku goma ba ya gane fuskar mutum. A haka na bar shi a kan hanyar nan."

Wayyo, ashe ya tuna. Haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Tana gani har yau: yaro ɗan shekara shida yana ihu yana kama duk abin da hannunsa ya kai, uban kuma tsaye a titi yana ƙanƙance ido yana ɗaga wa wata motar daban hannu. Da suka iso Yola yaron kwana uku bai saki tabarau ɗin ba, ba ya ci, ba ya magana, sai kallonsa. Shi ya sa ta karɓe ta sa a fuskarta, don ya saba ganinsa a matsayin kayan kaka, abin tsokana, ya manta. Ta ɗauka ya manta ɗin.

Ta nemi gafarar Allah a zuciyarta, ta gyara zama, ta ja tsaki mai tsawo.

"Kai ɗin? Kai da ko wandonka ba ka iya riƙewa a lokacin? Kai ka fizge wa namiji abu a fuska? Shi ya cire da hannunsa ya ba ka don ka rufe mana baki, ka ishi mota da kuka. Yana da wani a aljihun gaba, ina kallo ya sa. Malamin makaranta da gilashi ɗaya, a ina ka taɓa ji?"

"Da gaske, Hajja?"

"Na taɓa yi maka ƙarya, ban da ranar da na ce kana da kyau?"

Ya yi wata dariya da ta karye a tsakiya, ta ji yana jan hanci. Ko ya yarda ko bai yarda ba, Allah ne masani. Amma ya sassauta riƙon da ya yi wa gilashin.

Ta bar shi ya huce, sannan ta ce tunda yau ranar tonon asiri ce, to shi ma ya matso. Wane ne ke cusa hanci a littafi kamar akuya a buhun dusa? Wane ne Mista Callistus ya tare ta a kasuwa saboda shi, ya ce kullum sai ya zauna dab da allo, kuma duk da haka daga littafin na kusa da shi yake kwafa? Wane ne ya wuce baffansa a titi bai gaishe shi ba, aka ce girman kai ne? Ya ce ƙaryar mutane ce, idonsa garau. Ta ce to ya karanta mata lambar da ke jikin ƙofar gidan can na tsallake. Ya ƙanƙance ido, ya ce rana ce ta yi yawa.

"Makafi biyu a gida ɗaya, kowa na yi wa ɗan'uwansa dariya," in ji Hajja. Ta saki zaren. "Sa shi."

"Hajja..."

"Sa shi na ce. Ba ka ce na mai ganin kusa ba ne? Gadonka ne, riƙo na yi maka. Sadakina ma da ba ka biya ba na yafe."

Ya sa. Ya juya yana kallon tsallaken titi. Can ya karanta mata lambar gidan, ya karanta ta gidan da ke bayansa. Ya ce ashe dogon-yaro ganye ɗaiɗai gare shi, shi duk tsammaninsa a dunƙule yake. Ya hau kan turmi ya leƙa ta katanga, ya ce wallahi har dutsen Bagale yana gani a tsallaken Binuwai, da bishiyoyin da ke kansa.

"Sauko kar ka karya mini turmi. Zo nan in ga muninka."

Ya durƙusa a gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta jawo dab da idonta na hagu, wanda ya rage. Cikin hazo ta ga baƙin firem, ta ga faɗin goshin, ta ga yadda ya ɗan karkatar da kai gefe guda. Sunan da ba ta furta ba tun ranar da aka raɗa shi ya fito da kansa.

"Bappayo."

Yaron ya sandare. Tunda yake bai taɓa jin sunan mahaifinsa a bakinta ba. Hawaye ya zubo mata, ba ta kuma ce hayaƙin murhu ba ne. Ta bar shi ya zuba son ransa, sannan ta goge da bakin zani, ta ture masa goshi da yatsa, tana dariya tana shessheƙa.

"To, ka ci, mijin banza. Katin yana ƙarƙashin matashina. Litinin da sassafe ka nemo Keke."

Ya miƙe zai shiga ɗaki, ta riƙo bakin rigarsa.

"Ranar da za su kwance mini bandeji, ka tsaya a gabana. Ka zo da shi a fuskarka."